Bin Sawun Talla: Sana'ar da Ba a Ganin Mai Yin Ta

Wanda ya taɓa kai talla gidan rediyo ya san yadda ake yi. Za a yi ciniki, a ce sau uku a rana, bayan labaran safe da na rana da na dare, har tsawon mako biyu. Ya biya, ya koma shagonsa ya kunna rediyo yana saurare. In aka tsallake ta dare, da sassafe yana ofishin talla yana neman ba'asi. In wa'adi ya cika a ba shi takardar shaidar an watsa, da ranaku da sa'o'i. Kunnensa ne shaidarsa, kuma abin da ya ji, duk gari ya ji.

Tallar intanet ta raba mai kaya da wannan shaida. Abin da ya fito a wayarka ba shi ne ya fito a wayar wanda ke zaune kusa da kai ba. Mai kaya yana iya wuni yana duba Facebook bai ci karo da tallarsa ko sau ɗaya ba, alhali kuɗinsa na ta fita, har cikin dare yana barci. Wannan ne ya haifar da wata sana'a da ba kasafai ake zancenta ba: aikin mutumin da ke zaune gaban alƙaluma, yana duba ko tallar na fita, da wane irin sauri take fita, ina take sauka, kuma ko kuɗin zai kai ranar da aka yi alkawari. Ba shi ya zana hoton ba, ba shi ya tsara kalaman ba, sau da yawa ma ba shi ya ƙulla cinikin ba. Amma in abu ya lalace, wayarsa ce ke fara ƙara.

A Amurka aka haifi sana'ar. Ranar 27 ga Oktoban 1994 shafin HotWired, na masu mujallar Wired, ya ɗora wasu ƙananan allunan talla a saman shafukansa, kuma wadda aka fi tunawa ita ce ta kamfanin sadarwa na AT&T. A lokacin ana sayar da gurbin ne kamar allon bakin titi: ka biya na wata kaza, a liƙa maka. Ba a daɗe ba aka lura cewa kwamfuta na iya abin da allon titi ba ya iyawa, wato ƙidaya. Kamfanin DoubleClick na birnin New York ya yi suna a tsakiyar shekarun 1990 da na'urar da ke zaɓen tallar da za a nuna wa kowane baƙo, ta kuma rubuta cewa ta nuna. Daga nan ciniki ya koma na adadi: nawa ne kuɗin fitowa dubu? A 1998 Bill Gross ya zo da GoTo.com, inda masu talla ke gwanjon gurbi, ba su biya sai an latsa. Google ya buɗe AdWords a Oktoban 2000, ya koma tsarin gwanjo da biyan kuɗin latsawa a 2002, sannan a 2007 ya amince ya sayi DoubleClick a kan dala biliyan 3.1. A Nuwamban wannan shekarar ne Facebook ya buɗe nasa tsarin tallar. Yau, a mafi yawan shafuka, tsakanin lokacin da ka latsa da lokacin da shafin ya buɗe, an riga an yi gwanjon gurbin da ke gabanka an gama, cikin kimanin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa.

Da zarar an fara sayar da adadi cikin wa'adi, tambayar sauri ta taso.

Abin ya yi kama da aikin uwar tuwo a gidan biki. An dafa abin da aka dafa, baƙi kuwa za su yi ta zuwa daga hantsi har bayan isha'i. In ta sake hannu da wuri, dangin ango da za su iso da la'asar su tarar da tukunya wayam. In ta matse, dare ya yi da sauran abinci jibge, an kori mutane da yunwa a banza. Dole ta riƙa kallon tukunya tana kallon ƙofa. Mai bin sawun talla ma abu biyu yake kallo kullum: abin da ya rage na kuɗi, da abin da ya rage na kwanaki.

Lissafin kansa ɗan firamare zai iya. A ɗauka wani mai sayar da atamfa ya ware naira 600,000 don talla ta kwana 30. Rabon kowace rana naira 20,000 ke nan. A rana ta 10 ya kamata a ce an kashe 200,000. In aka duba aka ga 140,000 kawai suka fita, tallar na tafiya da kashi 70 cikin 100 na saurin da ake so. Saura 460,000 da kwana 20, wato sai an ɗaga zuwa 23,000 a rana. Wannan gyara ne mai sauƙi, ko mai kayan ba zai lura ba. Amma a ce ba wanda ya duba sai rana ta 25, aka tarar 400,000 suka fita. Saura 200,000 da kwana 5, wato 40,000 a rana, ninki biyu. Kuma a kasuwar gwanjo, wanda ya zo da gaggawa shi ke sayen tsada: sai ya ɗaga tayinsa, ko ya buɗe tallar ga mutanen da ba su yake nema ba. Rashin dubawar kwana goma sha biyar ne ya jawo wannan. Shi ya sa ƙwararru a wannan aiki kafin su yi karin kumallo sun riga sun buɗe alƙaluman jiya.

Ciniki iri biyu ne, kuma damuwar kowanne daban. Akwai na alkawari, wanda manyan jaridu da shafuka ke yi: kamfani ya sayi fitowa miliyan ɗaya a shafin wasanni daga 1 zuwa 30 ga wata, a sa hannu. A nan mai bin sawu yana ɓangaren mai shafi ne, kuma bashi ne a wuyansa. In wata ya ƙare an kai 900,000 kawai, ko a rage kuɗin, ko a yi ramuwa da fitowa kyauta a wata mai zuwa, wadda da an sayar wa wani. In kuma aka zarce, abin da ya haura kyauta aka bayar, ba mai biya. Manhajar Google Ad Manager, wadda ita ce magajiyar DoubleClick, tana ba shi zaɓi uku: a raba daidai-wa-daida, ko a yi ɗan gaba da wuri don gudun abin da ka je ya zo, ko a saki da iyakar gudu. Tana kuma jera tallace-tallace bisa fifiko daga lamba 1 zuwa 16, ƙaramar lamba ce ke cin babba. Wanda ya ɗauki nauyin shafi gaba ɗaya yana kan 4, tallar alkawari ta yau da kullum tana kan 6 ko 8 ko 10, tallar gida da mai shafi ke cike gurbi da ita tana can ƙasa a 16. Sau da yawa in aka ga wata talla ta tsaya cik, lafiyarta ƙalau. Wani abokin aiki ne a ɓangaren ciniki ya sayar wa wani babban kamfani shafin na kwana uku a lamba 4, bai faɗa wa kowa ba, ya cinye guraben.

Na biyu shi ne na gwanjo, wanda mafi yawan mutanenmu suka sani, na Facebook da Instagram da Google da TikTok. A nan ba wanda ya yi maka alkawarin komai. Ka sa kuɗi, ka faɗi wanda kake nema, na'ura ta shiga gwanjo a madadinka sau dubbai. Ita ma tana da nata tsarin jan linzami, kuma wanda bai san shi ba yakan firgita a banza. Tun 2017 Google ya ba kansa damar kashe har ninki biyu na kasafin rana in ya ga kasuwa ta buɗe, da sharaɗin ba zai caji mai talla fiye da kasafin rana sau 30.4 a wata ba. Wanda ya sa naira 10,000 a rana yana iya wayar gari ya ga 20,000 sun fita jiya, amma a ƙarshen wata ba za a wuce 304,000 ba. Sai dai akwai tarko: wannan alkawari na wata cikakke ne. Wanda zai yi talla ta kwana huɗu kacal ya tsayar, ba shi da sauran kwanakin da za a rama masa. Irin wannan ƙaramin sani shi ke raba gwani da ɗan koyo.

Idan talla ta yi nawa, gwani ba ya fara da ƙara kuɗi. Yana bi ne daki-daki, daga abin da ya fi sauƙi. Shin an amince da tallar, ko an ƙi ta cikin dare saboda wata kalma ko wani hoto? Katin biyan kuɗi ya wuce, ko banki ya mayar? Ranar farawa da ta ƙarewa daidai aka rubuta? Sannan ya duba taron da ake nema. Mai kaya kan ce mata kawai yake so, 'yan shekara 25 zuwa 30, mazauna unguwa ɗaya, masu waya iri kaza, masu sha'awar abu kaza. Kowane sharaɗi yana yanke taron, har ya rage 'yan ɗaruruwa, sannan a ce kada kowa ya ga tallar fiye da sau biyu a mako. Ko nawa aka zuba ba za su fita ba, domin ba mutanen. Bayan wannan sai tayin gwanjo: ƙila farashin da ya wadatar a watan jiya yau ba ya cin komai, saboda manya sun shigo kasuwa. A Amurka da Turai kowa ya san farashi na hawa a watan Nuwamba da Disamba, lokacin sayayyar ƙarshen shekara. A nan kuwa, duk mai sayar da shadda da leshi da takalma yana son a gan shi a goman ƙarshe na azumi, kuma idanun da ake rububi a kansu ba su ƙaru ba.

Idan kuma gudu ta yi fiye da kima, dalilan sun fi ban tsoro. Sifiri ɗaya da ya ƙaru a akwatin kasafi ya isa. Ko a rubuta kuɗin wata a gurbin kuɗin rana. Ko a manta ba a zaɓi gari ba, tallar mai gasa kaji a Zoo Road ta tafi ƙasa baki ɗaya. Akwai kuma batun agogo, wanda ke cin mutane da yawa. Kowane asusun talla yana da sa'ar da aka ɗora shi a kai ranar da aka buɗe shi, kuma da ita yake lissafin farkon rana da ƙarshenta. In an bar shi a kan agogon Kalifoniya, sha biyun darensu ƙarfe takwas ko tara na safe ne a Kano, gwargwadon lokacin shekara. Talla da aka ce ta tsaya daren jajibirin Sallah za ta ci gaba da cin kuɗi har a sauko daga idi. Kuma sauya wannan agogo bayan an buɗe asusu ba abu ne mai sauƙi ba, don haka tun ranar farko ake lura.

Wani ɓangare na aikin, wanda a ganina ya fi lissafin wuya, shi ne haƙuri da kuma koya wa mai kuɗi haƙuri. Tsarin Facebook yana da lokacin koyo: sabuwar talla na buƙatar sakamako kimanin 50 cikin mako guda kafin na'urar ta gane irin mutanen da ke amsawa, tafiyarta ta daidaita. Duk wani babban gyara, a canza hoto, a canza taro, a ninka kuɗi, yana iya mayar da ita farko. To ga mai kaya ta biya jiya, yau ta kira.

"Ɗana, tun safe mutum biyu kawai suka yi magana. A canza hoton nan, a sa wancan jan."

"Hajiya, a yi haƙuri a ba ta kwana uku. In muka taɓa ta yanzu, kuɗin jiya ya tafi a banza, daga farko za ta sake."

"Kuɗina fa ke tafiya."

"Ina kallonsu, Hajiya. Abin da muka tsara na yau bai wuce ba. Jibi da yamma zan turo miki lissafi, in ba ta motsa ba ni da kaina zan ce a canza."

Hajiya ba ta yi laifi ba, guminta ne. Shi kuma in ya biye mata don a rabu lafiya, ya cuce ta. Sanin lokacin da za a sa hannu da lokacin da za a naɗe hannu ba a karanta shi a littafi, sai an ga tallace-tallace da yawa sun tashi sun faɗi. Kuma ba zai samu wannan haƙurin daga gare ta ba sai in ta saba jin gaskiya daga bakinsa, har ranar da labarin ba daɗi.

Mai wannan aiki a Najeriya yana da ƙarin wasu abubuwan da takwaransa na Landan ba ya tunaninsu. Tun Janairun 2022 Facebook ke ɗora harajin kashi 7.5 cikin 100 a kan talla a ƙasar, don haka tun kafin a fara sai an fayyace: 600,000 ɗin nan har da haraji ne ko ban da shi? A 2022 bankuna suka rage abin da katin naira ke iya biya a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawansu suka rufe gaba ɗaya, talla ta riƙa tsayawa tsakar rana don kuɗi ya ƙi wucewa. Da aka saki naira a Yunin 2023, wanda asusunsa ke kan dala ya ga kasafin da aka amince da shi da naira ya daina sayen abin da yake saye. Ga kuma ranakun da taron kansa ke ɓacewa. Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 an dakatar da Twitter a ƙasar. A Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a Zamfara saboda matsalar tsaro. Ranar 14 ga Maris na 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, sadarwa ta yi rauni a ƙasashe da dama. A irin waɗannan ranaku alƙaluma kan faɗi warwas, kuma wanda ba ya sauraren labarai zai ɓata wuni yana neman kuskure a inda babu. Haka nan wanda ya san mutanensa ya san cewa a watan azumi sa'o'i na juyawa, ana riƙe da waya bayan buɗa-baki da lokacin sahur, don haka ba zai bar kuɗin rana ya ƙare tun azahar ba.

Duk wannan game da fitar kuɗi a kan lokaci ne. Amma akwai tambaya ta biyu da ke ƙarƙashin ta farko, kuma a nan ne nake ganin darajar sana'ar take: abin da aka ƙidaya, da gaske ya faru?

A fara da mafi sauƙi. A cinikin alkawari na'ura biyu ke ƙidaya, ta mai shafi da ta mai talla, kuma ba sa taɓa yin daidai. Ta mai shafi na iya rubutawa tun lokacin da ta aika tallar, ta mai talla kuwa sai tallar ta iso. In intanet na jan ƙafa, mutum ya gaji ya rufe shafin kafin hoto ya sauka, ɗaya ta ƙidaya ɗaya ba ta ƙidaya ba. Ƙa'idojin ciniki da ƙungiyar IAB ta masu tallar intanet da ƙungiyar kamfanonin talla ta Amurka suka fitar a 2009 sun sa iyaka a kashi 10 cikin 100. In mai shafi ya ce miliyan ɗaya, mai talla ya ce 930,000, ana ɗaukar wannan a matsayin abin da aka saba. In ya ce 850,000, sai an zauna an bi diddigi. Mai hankali ba ya jiran ƙarshen wata. Tun kwana na biyu yake gwada alƙaluman biyu, domin saɓanin da aka kama da wuri gyara ne, wanda aka kama a ƙarshe kuwa rigima ce.

Sannan fitowa daban, gani daban. Talla na iya sauka a can ƙasan shafi inda mai karatu bai taɓa gangarawa ba, a ƙidaya ta, a biya. A 2014 hukumar MRC ta Amurka, mai tantance ma'aunin kafofin watsa labarai, ta tsayar da ƙa'ida: ana cewa talla ta ganu in rabinta ya bayyana a fuskar waya ko kwamfuta na daƙiƙa ɗaya cur, bidiyo kuma daƙiƙa biyu. A duba ƙanƙantar wannan ma'auni, rabin hoto, daƙiƙa ɗaya, amma duk da haka tallace-tallace masu ɗimbin yawa ba sa cika shi.

Bayan wannan sai sata tsagwaronta. Akwai masu kafa shafukan bogi, su saki manhajojin da ke kwaikwayon mutane, suna buɗe shafi, suna motsa linzamin kwamfuta, suna "kallon" bidiyo, kuɗin talla na zuba aljihunsu. A Disamban 2016 kamfanin tsaro na White Ops ya fallasa wani irin wannan shiri da aka kira Methbot. Wanda ya jagorance shi, wani ɗan Rasha mai suna Aleksandr Zhukov, kotu a Brooklyn ta same shi da laifi a 2021, aka yanke masa shekara 10, bisa satar sama da dala miliyan 7. Ba ɓarayi kaɗai ke karkatar da alƙaluma ba. A 2016 Facebook ya amsa cewa ya daɗe yana kumbura matsakaicin lokacin da mutane ke kallon bidiyo, saboda lissafinsa na watsar da duk kallon da bai kai daƙiƙa uku ba. A 2019 ya amince ya biya dala miliyan 40 don kashe ƙarar da masu talla suka kai. A Ingila kuma, wani bincike da ƙungiyar masu talla ta ISBA ta sa kamfanin PwC ya yi, wanda ya fito a 2020, ya gano cewa kashi 51 cikin 100 ne kawai na kuɗin da aka bi sawunsa ya isa hannun masu shafuka, kashi 15 kuwa an kasa gano inda ya shiga. Procter & Gamble, ɗaya daga cikin manyan masu talla a duniya, ya zabge kimanin dala miliyan 200 daga tallarsa ta intanet a 2017 bayan ya tsananta bincike a kan inda take sauka.

Idan kamfanoni masu tarin ma'aikata da lauyoyi haka ta same su, ina ga mai shago ɗaya a Kantin Kwari? Abin da ke tsakaninsa da asara shi ne mutum guda da ya san alamun. Latsawa ta yi yawa fiye da hankali amma ba wanda ya aiko saƙo. Rabin kuɗin ya tafi wasu manhajojin wasan yara, inda yatsa ke faɗa wa talla bisa kuskure. Baƙi na shigowa ƙarfe ukun dare daga garin da ba a nema ba, su fice cikin daƙiƙa ɗaya. Mutum ɗaya ya ga tallar sau goma sha biyar, ta zame masa abin haushi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai bayyana a babban adadin da ke saman allo. A can komai kore ne: an kashe kashi 100, a kan lokaci. Sai an buɗe rahoto an rarraba shi, bisa wuri, bisa sa'a, bisa irin waya, bisa shafin da ta sauka.

Jarabawar mai wannan aiki kuwa tana zuwa ne a makon ƙarshe. Kamfanonin talla da yawa ana biyansu ladansu ne a matsayin kaso na abin da aka kashe, don haka kuɗin da ya rage ragi ne a nasu rabon, ga kuma kunyar a ce ba su iya aiki ba. Hanyar fita a buɗe take: a cire sharuɗɗa, a saki tallar ga kowa da kowa a ko'ina, cikin kwana biyu kuɗin ya ƙare, rahoto ya yi kyau. Mai kaya ba zai taɓa sani ba. Ni dai ina ganin wanda ya ɗauki waya ya ce, "Alhaji, saura naira dubu tamanin, kuma in na tilasta su fita kafin Juma'a ba za su kawo maka ciniki ba, ko mu ƙara mako ɗaya, ko in mayar maka," shi ne ya iya sana'ar. Kuɗin amana ne, kuma amanar da mai ita ba shi da hanyar bincikawa ta fi kowace nauyi.

Abin da ake buƙata don shiga aikin ba shi da yawa: kwamfuta, intanet da ba ya yankewa, sabo da Excel, da Turancin da zai isa a karanta allon. Google na da darussa kyauta a Skillshop, Meta, mai Facebook, na da nasa a Blueprint. Abin da darussan ba sa bayarwa shi ne ɗabi'a: rubuta duk canjin da aka yi da ranarsa da sa'arsa, don in alƙaluma suka karkace a san mafari, sa abokin aiki ya sake duba kasafi da ranaku kafin a saki, kafa ƙararrawar da za ta aiko saƙo in kashewa ta haura iyaka, da duba asusu ranar Asabar da Lahadi, tunda na'urar ba ta san hutu ba. Mai gaggawa da mai ƙyuya duk ba sa daɗewa a ciki.

Aikin na sauya kama. A Afrilun 2021 Apple ya fara tilasta wa manhajoji neman izini kafin su bi sawun masu iPhone, mutane da yawa suka ƙi, har Meta ya ce abin zai rage masa kimanin dala biliyan 10 a 2022. Tun daga nan wani kaso na sakamakon da ake gani a rahoto ƙiyasi ne na na'ura, ba ƙidaya ba. A lokaci guda kamfanonin na ta janye maɓallan daga hannun mutane. Google ya cire zaɓin sakin talla da iyakar gudu daga tallar bincike a 2019, ya kawo Performance Max a 2021, Meta ya biyo da Advantage+, inda ake ba na'ura kuɗi da hotuna da manufa, ita ta zaɓi sauran. A gaskiya ta fi mutum iya raba kuɗi a kan sa'o'i. Sai dai mai sayar da gurbin shi ne mai na'urar, shi ne kuma mai rubuta rahoton, don haka ƙwararru suka koma neman shaida daga wajen allon. Suna ba kowace talla lambar waya ko mahaɗin WhatsApp nata na daban. Suna sa yaron shago ya tambayi mai saye inda ya ji labari, ya rubuta. Wani lokaci su kashe tallar a gari ɗaya na mako biyu, su bar ta a wani, su gwada cinikin garuruwan biyu. Ranar rufe lissafi sai a ajiye rahoton kamfani a gefe ɗaya, littafin shago a ɗaya gefen, a bi su layi-layi tare da mai kaya kafin a yanke nawa za a ware wa wata mai kamawa.